Tsofaffin Kuɗi, Kan Sarki da Katunan 'Yan Wasa: Me ke Ba Tsohon Abu Daraja?

Tara tsofaffin kuɗi da kan sarki da katunan da ke ɗauke da hotunan 'yan wasa harka ɗaya ce mai rassa uku. Dukkansu ƙananan abubuwa ne da aka buga da yawa don amfanin yau da kullum, aka mora aka yar, har aka wayi gari 'yan kaɗan ne suka rage a hannun jama'a. Wannan raguwa ce ke jawo masu tarawa, wani don son tarihi, wani don sha'awar cika jeri, wani kuma don neman riba. A Amurka da Kanada reshen katunan 'yan wasa ya bunƙasa har ya zama babbar kasuwa mai gidajen gwanjo da kamfanonin tantancewa. A ƙasar Hausa kuwa, abin da ya fi kusa da shi shi ne tsofaffin kuɗi da kan sarki, waɗanda har yau ake tarar da su a adakar tsofaffi, da tsakanin shafukan littattafan malamai, da kan faifan 'yan koli. Ma'aunan da ke yanke darajar irin waɗannan kaya ɗaya ne a ko'ina, kuma yawan shekaru shi ne mafi rauni a cikinsu.

Kuɗin da suka ratsa Sakkwato

Birnin Sakkwato ya ga kuɗi iri-iri saboda mazauninsa. Ƙofar Kware, ɗaya daga cikin ƙofofi takwas na tsohuwar ganuwa, ita ce ta fuskanci hanyar arewa, wadda ta bi ta Kware da Gwadabawa ta kai Illela, sannan ta tsallaka iyaka zuwa Birnin Ƙonni a Nijar. Tun da Turawa suka raba ƙasar tsakanin Ingila da Faransa, fatake da masu cinikin dabbobi da ke bin wannan hanya suke riƙe da kuɗin gwamnati biyu a aljihu ɗaya. Shi ya sa tarin tsofaffin kuɗin da ake samu a gidajen wannan yanki yakan zo a gauraye.

A zamanin Daular Usmaniyya wuri ne kuɗin kasuwa. Daga tekun Indiya ake kawo shi, musamman tsibiran Maldibs da gaɓar gabashin Afirka. Ana ƙidaya shi da hannu, ana ɗura dubu 20 a keso guda. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canja liyari guda a kan wuri 2,500. Liyarin nan babban kuɗin azurfa ne na ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Teresa, wanda ya iso ta hannun fataken Sahara da mahajjata.

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sai suka hana shigo da wuri, suka nemi a biya haraji da kuɗinsu. A 1907 aka fara buga kuɗin ƙarfe musamman don wannan yanki, wato kwabo da anini, masu huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Aninin farko na alminiyam ne, kuma yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Bai jure yanayin ƙasar ba, sai aka koma buga shi da garwayen jan ƙarfe da nikel tun daga 1908. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma don Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, ta fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa a 1913, sannan takardun kuɗi a 1916. Daga 1920 aka daina sa azurfa, aka koma garwayen tagulla. Lissafin zamanin shi ne anini 10 kwabo, kwabo 12 sule, sule 20 fam guda.

Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959, ya fito da kuɗin ƙasar na kanta. Amfanin gona aka zana a jikinsu: auduga a taro, koko a sisi, ganyen kwakwar manja a sule, gyaɗa a fataka. An sauya takardun a 1965 bayan zama jamhuriya, aka sake sauya su a Janairun 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa. Ranar 1 ga Janairu, 1973 naira ta maye gurbin fam, fam guda ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10. Takardar naira 20 mai hoton Murtala ta fito a Fabrairun 1977, ita ce takarda ta farko da ta ɗauki hoton wani ɗan ƙasa. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta musanya launukan takardun cikin ƙanƙanen lokaci, mutane da yawa a karkara ba su samu canjawa ba, abin da ya sa har yanzu ake cin karo da damman takardun wancan zamani a gidaje. Naira 200 mai hoton Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ta fito a 2000. A 2007 aka cire rubutun ajami daga takardun naira 5 zuwa 50, saboda haka ƙananan takardu masu ajami sun zama jeri rufaffe da ba za a ƙara bugawa ba.

A ɓangaren Nijar, tamma da dala na Faransa ne suka maye gurbin wuri, har aka ƙirƙiro sefa a Disambar 1945. Takardun sefa na Afirka ta Yamma suna ɗauke da harafin da ke nuna ƙasar da aka buga wa su: H na Nijar, K na Senegal, B na Benin, A na Kwaddibuwa. Masu tarawa kan nemi takarda iri ɗaya da harafin kowace ƙasa, kuma harafin da aka buga kaɗan ya fi tsada.

Kan sarki

Ingila ce ta fara fito da kan sarki a 1840. Arewacin Najeriya, a matsayinta na ƙasa mai gwamnatinta daban, ta yi nata daga 1900 zuwa haɗewar 1914: na farko da hoton Sarauniya Biktoriya, na 1902 da hoton Sarki Edwad na Bakwai, na 1912 da hoton Sarki Joji na Biyar. Gajartar wannan zamani ta sa jerin ya zama abin so ga masu tarawa, domin mutum na iya sa ran kammala shi, in ban da guda ɗaya. Wannan ɗayan shi ne na fam 25 da aka buga a 1904. Kuɗinsa ya fi ƙarfin kowace wasiƙa, don biyan kuɗin hukuma aka fi amfani da shi, 'yan kaɗan aka buga, kuma a yau ana sayar da sahihinsa da dubban fam na Ingila.

Bayan haɗewa kan sarki ya koma ɗauke da sunan Najeriya kaɗai. Jerin 1953 ya nuna mahayan Borno, da gyaɗar Kano, da haƙar kuza, da gadar Jabba. A Maris na 1959, lokacin da Jihar Arewa ta samu mulkin kai, an fito da guda biyu, ɗaya da zauren Lugga na Kaduna, ɗaya da babban masallacin Kano.

A wannan reshe ambulan yakan fi kan sarkin da ke jikinsa daraja. Hatimin gidan waya yana faɗin gari da rana, wani lokaci har da garuruwan da wasiƙar ta ratsa. Ambulan da ya tashi daga Sakkwato ko Zungeru ko Lakwaja a farkon mulkin Turawa shaida ce ta yadda saƙo ke tafiya a kan 'yan dako da dawaki kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Wanda ya ɓamɓare kan sarkin ya yar da ambulan ya zubar da mafi yawan darajar. Akwai ƙungiyar masu nazarin tarihin gidan waya na Afirka ta Yamma a Ingila, wadda ke buga mujalla mai suna Cameo, kuma yawancin abin da aka rubuta a kan hatiman garuruwan Arewa daga irin waɗannan masu tarawa na waje ya fito.

Katunan 'yan wasa

Katunan sun samo asali ne daga kamfanonin taba na Amurka a shekarun 1880. Suna sa ɗan kwali a cikin kwalin sigari don kada ta lanƙwashe, sai suka fara buga hotunan 'yan wasan besbol a jikinsa don jawo masu saye. Daga baya masu cingam suka karɓi dabarar, katin ya koma hannun yara.

A besbol kati biyu ne suka yi fice. Na farko shi ne na Honus Wagner, daga jerin da kamfanin American Tobacco ya buga tsakanin 1909 da 1911. An dakatar da buga nasa da wuri, waɗanda aka sani sun rage ba su wuce 'yan gomomi ba, kuma an sayar da ɗaya a kan dalar Amurka miliyan 7.25 a 2022. Na biyu shi ne na Mickey Mantle da kamfanin Topps ya buga a 1952. Ya fito ne a rukunin ƙarshe na shekarar, bai yi kasuwa ba, kuma jami'in kamfanin Sy Berger ya ba da labarin cewa daga baya sun zubar da kwantan a teku. A Agustan 2022 wani mai kyawun gaske daga cikinsu ya kai dala miliyan 12.6 a gwanjo.

A ƙwallon kwando tsohon jerin da ake ji da shi shi ne na Bowman na 1948, mai katin George Mikan. Amma wanda ya fi tashe shi ne jerin Fleer na 1986, mai katin Michael Jordan da ya fi shahara, wanda kuma ya ƙunshi na Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. A hokin ƙanƙara, wasan da Kanada ta fi ƙauna, kamfanin taba ne ya fara buga katuna wajen 1910, sai Parkhurst a 1951 da katunan Gordie Howe da Maurice Richard. Katin Wayne Gretzky na farko, bugun O-Pee-Chee na 1979, ya kai dala miliyan 3.75 a 2021.

Waɗannan wasanni ba su da gindi a ƙasar Hausa, sai dai ƙwallon kwando a manyan makarantu da birane. Abin da matasa suka sani shi ne hotunan 'yan ƙwallon ƙafa da na taurarin finafinan Indiya da ake samu a cikin cingam ko a saya wurin masu tebur, a yi musaya a makaranta, a liƙa a bangon littafi ko ƙofar shago. A duniya kamfanin Panini na garin Modena a Italiya ne ya mamaye wannan fage. Ya fara buga hotunan 'yan ƙwallo a 1961, ya fito da kundin Kofin Duniya na farko a 1970. Kundin 1994 shi ne na farko da ya ƙunshi 'yan wasan Najeriya, ciki har da Rashidi Yekini, wanda ya ci wa ƙasar ƙwallonta ta farko a gasar. Tsofaffin katunan ƙwallon ƙafa ma sun yi tsada: na Pele da aka buga a Suwidin a 1958 ya haura dala miliyan 1 a 2022.

Ma'aunan daraja

Ma'auni na farko shi ne ƙaranci, kuma abin da ake nufi shi ne yawan waɗanda suka rage, ba shekarun da abu ya yi ba. Kan sarkin farko na 1840 an buga shi fiye da miliyan 68, don haka wanda aka yi aiki da shi bai fi ƙarfin mai matsakaicin hali ba, alhali na fam 25 na Arewa, da ya zo shekara 64 bayansa, ya ninka shi tsada nesa ba kusa ba. Liyari ya fi kowa ruɗar mutane. Sarauniya Mariya Teresa ta rasu a 1780, amma saboda 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka ba sa karɓar wani sai shi, aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar a Biyana da Landan da Paris da Rum da Bombai, har adadin ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Liyarin da ke ɗauke da 1780 na iya zama bugun ƙarni na 20, kuma yawancinsu kuɗin azurfar da ke jikinsu ne darajarsu. Haka kwabo da anini na 1936 masu sunan Sarki Edwad na Takwas, wanda ya yi murabus a Disambar shekarar kafin a naɗa masa kambi. Labarinsu mai daɗi ne, amma an buga miliyoyi, don haka suna da araha. Kuɗin zinariya na gwaji mai hotonsa da aka buga a Ingila, wanda 'yan ƙwarori ne kawai suka wanzu, shi ne ya kai fam miliyan 1 a 2020. Katunan Amurka ma sun ga irin wannan. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990 kamfanoni sun cika kasuwa da bugu, kowa ya saya ya ɓoye da niyyar riba, yau yawancin katunan wancan lokaci ba su da wata daraja.

Cikin jeri ɗaya ma akan samu bambanci. Kuɗin Afirka ta Yamma suna da ƙananan haruffa da ke nuna masana'antar da ta buga su, kamar H da KN na wasu masana'antu biyu a Birmingham. Kwabon shekara ɗaya na iya yawaita da wannan harafi, ya yi ƙaranci da wancan. Shi ya sa mai tarawa ba ya rabuwa da madubin ƙara girma da littafin jeri.

Na biyu shi ne lafiyar abu. A kati ana duba kusurwoyi huɗu, da gefuna, da fuskar hoton, da daidaituwarsa a tsakiya. A kan sarki ana duba haƙoran gefe da danƙon baya da launi. A kuɗin ƙarfe ana duba yadda zanen ya side, a takarda kuma ninki da datti da hujin allura. Kamfanin PSA, wanda aka kafa a 1991, shi ya yaɗa tsarin maki daga 1 zuwa 10, ana rufe katin cikin roba mai lamba bayan tantancewa. Tazarar farashi tsakanin maki 8 da maki 10 na iya ninkawa sau goma ko fiye. Yawancin tsofaffin kuɗin da ke hannun mutane a Arewa sun sha hannu, wasu an huda su don ado, wasu an goge su da toka, saboda haka suna ƙasan wannan ma'auni.

Na uku shi ne sahihanci. Ko kamfanonin tantancewa ba su tsira daga kuskure ba. Katin farko da PSA ya ba maki shi ne wani na Wagner, wanda Gretzky da abokinsa Bruce McNall suka saya dala 451,000 a 1991. A 2013 dillalin da ya taɓa mallakarsa, Bill Mastro, ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefunansa don ya ƙara masa kyau.

Na huɗu shi ne masu nema. Abu na iya yin ƙaranci ya rasa mai saye. Katunan Amurka sun yi tsada ne domin yaran da suka taso da su sun girma sun yi arziki, suna neman abin da ya tuna musu ƙuruciya. Wannan nema yana hawa yana sauka. Katin Jordan mai maki 10 ya kai dala 738,000 a farkon 2021, lokacin da kullen korona ya cika kasuwar da sababbin masu saye, bayan shekara biyu ya faɗi ƙasa da rabin haka. Kan sarkin Giyana ta Ingila na 1856, wanda guda ɗaya tak ya rage a duniya, an saye shi kusan dala miliyan 9.5 a 2014, aka sayar da shi miliyan 8.3 a 2021. Kayan tarihin Arewa kuwa masu nemansu a cikin gida kaɗan ne, farashinsu a gidajen gwanjon Turai ake yanke shi.

Jabu da jita-jita

Inda sani ya yi ƙaranci, jita-jita ce ke yanke farashi. Lokaci zuwa lokaci labari kan bazu cewa ana sayen anini ko tsohon kwabo ko tsohon dutsen guga da miliyoyi, wai don akwai wani sinadari a cikinsu. Mafi shahara shi ne labarin jar zaiba da aka ce tana cikin tsohon keken ɗinki samfurin Singer, wanda ya tayar da kasuwanni a Saudiyya a 2009 kafin hukuma ta bayyana cewa damfara ce. Babu irin wannan sinadari. Salon 'yan damfarar bai cika sauyawa ba: ɗaya ya zo neman kayan da farashin da ya wuce hankali, wani ya ɓullo da shi a farashin da bai kai haka ba, wanda kwaɗayi ya ja ya saya don ya sayar, daga nan duka biyun su ɓace. Wani salon shi ne a nemi mai kaya ya biya kuɗin gwaji ko na rajista kafin mai saye ya iso. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai gwaje-gwaje masu sauƙi. Sahihin liyari nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kashi 83 cikin 100 nasa azurfa ne, kuma maganaɗisu ba ya kama shi. Kuɗin da aka zuba a kwami yakan nuna ƙananan ramuka da zanen da ya dushe, saɓanin wanda aka buga da inji. Kan sarkin Turawa yana da tambari a ɓoye cikin takardar, wanda ake gani in an juya bayansa a kan baƙin abu. Farashin gaskiya kuma shi ne wanda aka riga aka sayar da irin kayan a gwanjo, ba wanda wani ya rubuta a Facebook yana neman mai saye ba.

Shari'a da dokar ƙasa

Malamai sun bambanta tsakanin kuɗin da ake kashewa da wanda aka daina karɓa. Takarda ko ƙarfen da hukuma ta soke ya fita daga hukuncin kuɗi ya zama haja, ana iya sayar da shi yadda aka daidaita. Na zinariya da azurfa, irin liyari da sulen 1913, hukuncin canji bai bar su ba: in azurfa za a musanya da azurfa sai nauyi ya yi daidai kuma hannu da hannu, in da naira za a saya sai a biya nan take ba bashi. Takardar da har yanzu ake kashewa, sayar da ita da irin kuɗinta fiye da abin da aka rubuta a jikinta ya shiga babin riba a wurin mafi yawan malamai. Wanda ya tara don ciniki, kayan na shiga lissafin zakkar haja. Sayen ƙunshin katuna a rufe da fatan dacewa da mai tsada yana da kama da caca, kuma nan ne malamai suka fi yin tsanani. Batun hotunan masu rai ma akwai saɓani sananne a kansa, wanda ya sa wasu ke taƙaita tarinsu ga kuɗi masu huji, da kan sarkin gine-gine da tsirrai.

Ta fuskar doka, sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya haramta cinikin takardun naira da wulaƙanta su, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba, ta kuma taƙaita cinikinsu ga wakilan da ta amince da su, musamman abin da aka ƙera a ƙasar kafin 1918. Duk mai niyyar aika tsohon abu waje, ya kamata ya fara tuntuɓar hukumar.

Adanawa

Yanayin Sakkwato ba ya tausaya wa takarda. Zafin bazara kan haura digiri 40, yana busar da ita har ta riƙa karyewa. Ƙurar hunturu na kankare fuskar hoto, laimar damina na narkar da danƙon kan sarki ya manne da abin da ke kusa, gara da kyankyaso da ɓera kuma na jiran abin da ya rage. Akwatin ƙarfe mai murfi, a ɗora shi a kan wani abu nesa da ƙasa da bango, a ɗakin da rana ba ta bugunsa, ya fi jakar leda. Kowane abu a ba shi ambulan ɗinsa na takarda, a rubuta bayaninsa da fensir: daga ina ya fito, na wane ne, a wace shekara aka same shi. Wannan bayanin kansa yana ƙara daraja.

Ɓarnar da hannu ke yi ta fi ta yanayi. Goge kuɗin ƙarfe da toka ko yashi ko lemun tsami yana cire fatar da shekaru suka yi masa, kuma mai saye na gane hakan da kallo ɗaya. Ba a manna takarda da salatif, ba a ɗaure ta da roba, ba a goge ta da dutsen guga, ba a kuma rufe ta da ledar da ake narkarwa da inji kamar katin shaida, domin ba ta sake fita. Kuɗin ƙarfe ta gefe ake riƙe shi, kan sarki kuma da ɗan hantsaki marar kaifi.

Halin da ake ciki

Kaso mai yawa na wannan gado ya riga ya tafi. Maƙeran fari sun narkar da liyari da sulallan azurfa sun yi zobba da awarwaro, anini ya ƙare a ƙarƙashin ƙusar rufin kwano, wasiƙu sun tafi wurin masu ƙosai, saura kuma masu yawon buɗe ido sun saye a wurare irin Kasuwar Kurmi ta Kano. Wayar hannu ta kashe rubuta wasiƙa, tsadar rayuwa ta kori kuɗin ƙarfe daga kasuwa, har an samu matasan da ba su taɓa sayen komai da kwabo ba. Wuraren da za a ga irin waɗannan kaya ko takardun da ke bayaninsu sun haɗa da gidan tarihin kuɗi na Babban Banki a Abuja, da Gidan Makama a Kano, da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

In aka auna da ma'aunan nan huɗu, mafi yawan abin da ke cikin adakar gidaje ba zai sa kowa ya yi arziki ba. Amfaninsa na ilimi ne: jerin da ya tashi daga wuri ya bi ta liyari da anini da dala ya kai naira yana koyar da tarihin haraji da ciniki da iyaka a aji guda, kuma haɗa shi bai fi ƙarfin makarantar sakandare ba. Wanda ya gaji irin waɗannan kaya, ya bar su yadda ya same su, ya rubuta asalinsu, ya nemi sanin farashinsu daga majiya fiye da ɗaya kafin ya sayar. Abin da ya shafi tarihin gari, kamar tsohuwar wasiƙa mai hatimi ko rasidin haraji, cibiyar tarihi ce ta fi cancanta da shi.